Ɗakin da Auta Ya Goge

Rana ta kusa faɗuwa Mama ta aike ni. Dawowata daga aiki ke nan, ƙafata ta dama har rawa take don taka birki, domin mata nake koya wa tuƙi, kuma ranar Allah ya haɗa ni da wata baiwar Allah da ba ta san hagunta da damanta ba. Ko takalmi ban cire ba na ji muryar Mama daga ɗaki.

"Ke, Auta bai dawo ba."

"Mama, gemu gare shi fa. Zai dawo."

"Jiya ma haka kika ce. Je ki ɗauko min shi."

Gaskiya ta faɗa. Auta ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a cikinta, kuma tun da ciwo ya kwantar da ita bai taɓa bari magariba ta yi masa a waje ba. Shi yake ɗaga ta ya jingina ta da filo. Shi yake ba ta magani, don in ni na ba ta sai ta ce ɗaci gare shi, in shi ne kuwa sai ka rantse zuma take lasa. Ganin fuskarsa da yamma shi ne abin da ya rage mata na jin daɗin duniya. To jiya bai kwana a gida ba. Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka. Na ɗauka aikin nan nasu na ɓeraye ne ya riƙe shi, har na tanadi zagin da zan yi masa a mota.

Bari in faɗa muku aikin, kada ku ce ƙirƙira na yi. Auta digiri na uku yake yi a jami'a, a kan ƙwaƙwalwa. So suke su gano yadda ƙwaƙwalwa take gane hanya, yadda mutum zai tashi cikin duhu ya nufi banɗaki bai yi karo da bango ba. Mutum ba zai yarda a buɗe masa kai ba, sai suka koma wa ɓeraye. Ya taɓa kai ni na gani da idona. Za su ɗora ɓera a kan wata farar ƙwallo mara nauyi, iska na hura ta daga ƙasa tana shawagi. Su riƙe kansa da ɗan ƙarfe yadda ba zai motsa ba. Su kewaye shi da allunan kwamfuta, gaba da hagu da dama. A cikin allunan akwai gida wanda Auta ya zana da kansa, dogon lungu mai bango da ƙofofi. Ɓera na gudu, ƙwallo na juyawa, lungun na tafiya. Shi a ganinsa tafiya yake, alhali yana nan inda aka ajiye shi. In ya kai ƙarshen lungu a ɗiga masa ruwa a baki, don da ma da ƙishirwa suke barin su, allo ya yi duhu kamar ƙiftawar ido, sai ga shi a farkon lungun kuma. A saman kansa akwai madubin da ke leƙa ciki, kana ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar suna kunnuwa kore-kore, kowace da wurin da take haskawa.

Na ce masa, "Auta, wannan ai zalunci ne mai takardar shaida." Ya yi dariya ya ce wata rana da wannan za a taimaki tsofaffin da ke ɓata a ƙofar gidansu. Na ce Allah ya sa, amma kada ya kuskura ya taɓa abincina bai wanke hannu ba.

Suna da wata doka a ɗakin: ba a kashe allunan. Ko an tashi aiki, ko hutu ake yi. Wai in aka kashe aka kunna hasken yakan canza, ɓeraye su rikice, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Saboda haka gidan nan yana nan a kunne dare da rana har shekara ta zagayo, fes da shi, da haskensa, ba kowa a ciki. Har da wani ɗan ɗaki da Auta ya yi a gefen lungu don ɓera ya riƙa gane inda ya kai. Ya sa masa shimfiɗa da labule, tsabar son gyara irin nasa. Ɓera ba ya shiga ɗakin, wucewa kawai yake yi.

Kowa ya san su waye ke tarewa a gidan da aka bari ba kowa. Ni dai ban kawo shi a raina ba, don ban ɗauki zane a bakin gida ba.

Makonnin baya sai Auta ya fara dawowa fuska a ɗaure. Ɓerayen sun fara tsayawa a bakin ɗan ɗakin nan, dukansu. Su ƙame, gashin bakinsu na rawa, su ƙi wucewa ko ƙishirwa za ta kashe su. Ƙwayoyin da ke kunnuwa a wurin kuma, in ji shi, irin waɗanda ke kunnuwa ne in ɓera ya ga wani mai rai a gabansa. Labulen ma a ɗage ya zana shi, wata safiya ya tarar an sake shi.

Ya kai wa Farfesa maganar. Farfesa shi ne wanda Auta ke aiki a ƙarƙashinsa, kuma in kuna neman inda aka ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, to kun zo wurin. Auta ya yini ya kwana a kan aiki, Farfesa ya hau jirgi ya je taro ya yi bayani ana tafa masa. Ranar da aka kwantar da Mama a asibiti ya kira yaron nan ya ce masa ɓeraye ba su san uwa ba. Tun ranar na ƙulle shi a raina, kuma ni in na ƙulla ba na kwancewa da wuri. Auta ya roƙe shi a bar ɗakin, a zana wani lungun daban. Farfesa ya ce ba shi da lokacin tatsuniya. Ya ce Auta ya goge ɗakin, ya goge kwafinsa ma kada wani ɗalibi ya dawo da shi, in ba haka ba ya nemi wanda zai sa masa hannu a digiri. Ya tsaya a kansa har ya danna. Shekaranjiya ke nan.

Duk wannan yana raina ina tuƙi, amma a matsayin abin haushi kawai.

Na isa jami'a an watse. Sararin sama ya yi ja. Motar Farfesa tana fake a inuwar da ba mai taɓa masa, tagar ofishinsa a hawa na sama da haske. Ɗakin ɓerayen kuwa a ƙarƙashin ginin yake, inda babu taga. Ƙofar matakalar sai da kati take buɗewa. Na tarar da ita a buɗe.

Na sauka. Warin wurin ya tare ni tun a tsakiyar matakala, fitsarin ɓeraye da garin katako da ruwan goge ƙasa. Na san shi, na taɓa shaƙa. Amma yau akwai wani a ƙarƙashinsa, mai zaƙi-zaƙi, irin wanda kake ji a jikin mai shayarwa.

Lungun ƙasa dogo ne. Ƙofar ɗakinsu tana can ƙarshe, da jar fitila a samanta. In fitilar nan na kunne, ko shugaban jami'a ba ya buɗewa, alama ce ana aiki. Na gan ta a kunne, na gane dalilin da ya sa tun jiya ba wanda ya leƙa.

Na nufe ta. Ƙarar takalmina, ƙwas, ƙwas. Daga can ciki ina jin hucin iskar da ke ɗaga ƙwallo.

Na isa. Na miƙa hannu. Wani ɗigon ruwa ya faɗo min a leɓe. Fitilu suka ƙifta.

Ina tsaye a gindin matakala.

Na dubi hannuna, yana nan a miƙe. Jar fitila tana can nesa inda na fara hango ta. Na ce gajiya ce, na goge baki da mayafi, na sake tafiya. Wannan karon ina kallon kowace ƙofa da na wuce, ina taɓa bango. Na isa. Ɗigon ruwa, mai sanyi. Ƙiftawa.

Gindin matakala.

Na sake. Na sake. Maƙogwarona ya bushe ƙamas. Sai na kama kaina ina sauri, ina buɗe baki tun kafin in isa, ina jiran ɗigon nan.

Nan tsoro ya kama ni, na gaske. Amma ni tsorona ba ya daɗewa bai zama fushi ba, haka Allah ya yi ni. Na tsaya cak a tsakiyar lungun. Na tuna mutum ba ya faɗa wa gidan wani kai tsaye.

"Salamu alaikum," na ce. "Masu gida. Ni ba ɓera ba ce. Ƙanena na zo ɗauka, uwarsa na jira."

Shiru. Hucin iska kawai.

Sai a cikin hucin na ji an amsa, a hankali, kusa da kunnena.

"Wa alaikumus salam."

Ƙofar tana gabana, a buɗe. Ban taka ko'ina ba.

Ɗakin duhu ne, sai hasken allunan. Ƙwallon tana juyawa a kan iskarta, babu ɓera a kai. Ɓerayen suna cikin akwatunansu a kan kanta, sun cure a kusurwa, ko motsi babu.

Auta yana tsakiyar ɗakin, yana fuskantar allunan. Tafiya yake yi a tsaye. Ƙafa na ɗagawa, ƙafa na sauka, ba ya gaba. Kansa a sandare, wuyansa a miƙe, kamar an kama shi da maƙata ta baya. Takalminsa ɗaya ya fita, safar ta huje, inda yake takawa ya yi duhu da jini. Leɓɓansa sun tsage.

A cikin allunan lungun yana tafiya daidai da takunsa.

"Auta!"

Idonsa kaɗai ya juyo.

"Yaya," ya ce. Da ƙyar na ji. "Koma."

Na kama hannunsa na ja. Sai ka ce ginshiƙi nake ja. Na rungume ƙugunsa na ja da ƙarfina duka, ƙafafunsa suka ci gaba da tafiya a jikina.

Na ji ƙarar karce. Kirr. Kirr.

A allon hagu, inda ɗan ɗakin nan yake a da, yanzu bango ne sumul. A gaban bangon akwai mace a durƙushe. Ta ba ni baya. Doguwa ce, ko a durƙushe kanta ya kusa rufi. Gashinta a kwance har ƙasa. Da farce take karce bangon, yatsunta duk sun kwailaye. Lungun yana wucewa, ita ba ta wucewa.

Na fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ina tsakiya na ji wata murya ta kama tare da ni. Ta raka ni har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Ni ma na iya," ta ce. Ba ta juyo ba. Muryar daga hucin iska take fitowa. "Wannan maganin azzalumi ce. Ni aka zalunta."

Na matsa kusa da Auta.

"Gida muka samu ba kowa," ta ce. "A share. Ba mu kori kowa ba. Ba mu taɓa kowa ba."

Kirr. Kirr.

"Na fita ɗebo ruwa. Na bar ɗana yana barci. Na sakar masa labule."

Warin nan mai zaƙi ya cika ɗakin. Na dubi ƙasa. Daga gindin allon wani farin ruwa yana gangarowa, yana ɗiga a kan tebur.

"Ina jin kukansa ta bango. Jiya da ƙarfi." Ta dakata da karcen ta kara kunne. "Yau a hankali."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Ban haihu ba, amma ni na goyi Auta. Na juya gare shi.

"Mayar mata da ƙofar mana!"

"Ba kwafi," ya ce, hawaye ba ya ma fita. "Na zana wata. Na sake zanawa. Tana buɗewa, ba kowa. Wani ɗakin ne, Yaya. Wancan ya tafi."

"Zai yi tafiya har ya samo ta," in ji matar. "In ƙafa ta ƙare, da gwiwa."

Na san abin da hakan ke nufi. Gawarsa zan kai wa Mama, in ma an ba ni gawar. Na dubi yaron nan da ya roƙa aka ƙi, aka tsaya a kansa. Na tuna wanda ke zaune a sama cikin sanyin ofis yana kaɗa ƙafa. Wani abu ya taso min daga ciki, mai zafi, har tsoron ya ja da baya.

"Baiwar Allah," na ce, "hannunsa ne ya danna, ban musa ba. Amma hannu ɗan aike ne. Akwai bakin da ya aike shi."

Karcen ya tsaya.

"Ya roƙa a bar miki ɗakinki. Aka ce ko ya goge ko a kore shi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Ta juyo da kanta a hankali, jikin bai juyo ba. Ba zan faɗi yadda fuskar take ba. Idon dai na uwa ne da ta yi kuka har ya ƙafe.

"Kawo min bakin," ta ce. "In ji da kunnena."

Wayar Auta tana kan tebur, kiran da na yi ta yi masa jere a fuskarta. Na nemo lambar Farfesa. Ban yi wata-wata ba, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Ya ɗauka da tsawa. "Kai, ina sakamakon da na ce ka turo tun jiya?"

"Ranka ya daɗe, yayarsa ce," na ce, na sanyaya murya kamar mutuniyar kirki. "Ina ɗakin ɓeraye. Sakamakon ya fito, ya yi kyau ƙwarai. Ga shi nan yana kwashewa, wai da sunansa shi kaɗai zai aika. Na ce bai kyautu ba, gara ka sani."

Ko sallama bai yi ba ya kashe.

Ba a jima ba na ji shi a matakala, makullai na kacau-kacau. Shi lungun bai wahalar da shi ba. Turarensa ya riga shi shigowa.

"Wa ya ba ki izinin shigowa nan? Ba rigar aiki, ba safar hannu! Kai kuma wane irin wasan banza ne wannan? Tsaya wuri ɗaya ina magana!"

Bai dubi ƙafar Auta ba. Bai dubi allon hagu ba. Kwamfutar ya nufa.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya," na ce. "Ɗan ɗakin nan mai labule, ƙanena ya ce shi ya ga dama ya goge shi. Wai dabararsa ce ta gyara aikin."

Ya juyo kamar na mare shi.

"Dabararsa? Wannan? Kuka ya riƙa yi min a nan wai a bar shi! Ni na ce a goge. Nan ɗakin bincikena ne, ko ƙusa ba ta motsi sai da izinina."

"Har da kwafin?"

"Har da kwafin. Ko gobe aka dawo da shi sai in sa a sake gogewa."

Hucin iska ya ɗauke.

Ƙwallon ta faɗa mazauninta, tim.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har numfashin ɓeraye nake ji.

Auta ya zube a ƙasa kamar buhu.

Farfesa ya buɗe baki zai yi magana. Wuyansa ya miƙe, ƙas! Tabaransa ya faɗi. Kansa ya juya da kansa ya fuskanci allunan. Sai a sannan ya gan ta, don yanzu ba a durƙushe take ba. Ta cika allunan duka uku.

Iska ta dawo. Ƙwallon ta tashi.

Ƙafarsa ta dama ta ɗaga. Ta sauka. Ta hagu ta ɗaga.

"Me... mene ne wannan? Ke! Kashe shi! Zare wayar wuta!"

"Ai ba a kashe allunan, ranka ya daɗe," na ce. "Dokarka ce."

Na saɓa hannun Auta a kafaɗata na ɗaga shi. Muna bakin ƙofa muryar ta zo ta bayan wuyana, da sanyinta.

"Ɗauki naki. Baki zai biya nasa." Na ɗaga ƙafa zan fita, ta ƙara da cewa, "Hannu ma da nasa."

Ban tsaya tambaya ba.

Muka fito lungu. Matakala tana can. Muka nufe ta, ina jan sa. Muna tafiya tana ja da baya. Bangon ya fara sauya launi, yana komawa na cikin allo. Ƙofofi suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya," Auta ya raɗa min, "rufe ido. Ta ido ake kama mu."

Na yage mayafina na ɗaure masa fuska. Na runtse nawa. Na dafa bango da hannu ɗaya.

Bangon gaske ne, mai sanyi, da fenti mai ɓarewa.

Taku. Taku.

A bayanmu Farfesa yana kira. Tsawar ta ƙare.

"Baiwar Allah... 'yata... don Allah..."

Ban juya ba.

Wani abu ya shafi bayan wuyana, jiƙaƙƙe. Gashi ne ko yatsa, ban sani ba.

Taku.

Ƙafata ta bugi matakala.

Da rarrafe muka hau. Da iskar waje ta taɓa fuskata na buɗe ido. Jan sararin sama bai gama dushewa ba. Duk abin nan tsakanin faɗuwar rana ne da shigar duhu. Na tura shi a mota, na ba shi gorar ruwana ya shanye, na ja motar yadda da ɗalibata ce ta ja ta haka da na ƙwace makullin.

Washegari masu shara suka ga ƙofar a buɗe, suka sami Farfesa. Da rai. An ɗauke shi an kai asibiti, an kashe allunan, an kwashe ɓerayen, an rufe ɗakin. Ba abin da ya canza. Na ji an ce yana kwance a gado ƙafafunsa na tafiya, wuyansa a sandare, kuma ba ya iya shan ruwa sai ɗigo-ɗigo. Likitoci suna ta ba abin suna. Wasu suka ce in je in duba shi, ai malamin ƙanena ne. Na ce Allah ya ba shi lafiya daga nan inda nake. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ko yau aka mayar da ni ɗakin nan sai na sake kiran wayar.

Mu kuwa a daren da abin ya faru muka isa gida ina murna na cika aike. Na wanke masa ƙafa na ɗaure. Mama ta jiyo muryarsa.

"Auta? Kai ne? Shigo in gan ka."

Ya miƙe yana ɗingishi. Ya wuce falo, ya wuce kicin. Ya zo daidai ɗakinta, ƙofa a buɗe, tana kwance tana kallonsa, har ta miƙo hannu. Ya wuce. Ya kai ƙarshen baranda ya dawo, ya sake wucewa.

"Yaya," ya ce, "ina ƙofar?"

Na kama hannunsa na ja shi zuwa bakinta. Goshinsa ya bugi abin da ni ba na gani, har ya kumbura.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na ɗaure masa ido, ƙafarsa ta kai bakin ƙofar ta tsaya. Muka mayar da Mama ɗakina, ƙofar ɗakina ta ɓace masa, tata ta dawo. Muka fito da ita falo a kujera, ya ce bango yake gani daga ƙasa har rufi a inda take. Ta miƙa hannu ta shafa kansa, bai ji ba. An yi addu'a, an yi sauka, har yanzu ana yi. Ko'ina a duniya yana ganewa, ya tuƙa mota ya je ya dawo, inda take ne kawai ba ya isa. Muryarta yana ji, amma daga nesa, kamar ta bayan gini. Ya ce kwanakin nan tana ƙara yin ƙasa.

Mama na yi mata bayani har na gaji, ba ya zama a kanta. Ita abin da ta sani, ga ɗanta nan a bakin ƙofa kullum da magariba, zaune a ƙasa ya jingina kai da iska, ba ya shigowa. Jiya ina ba ta magani ta kawar da baki, ta riƙe min hannu.

"Tambayar min shi," ta ce, "me na yi masa?"

Na fito. Yana nan inda yake zama. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Yaya, ta sha?"

"Ta sha."

"Ta rame?"

Na waiga na dube ta a kan gado, bargon ko tudu bai yi ba.

Na ce masa a'a.